Abin da Ke Kwance a Ƙarƙashin Kashi 21 Cikin Ɗari

A watan Disambar 2017 Amurka ta rage harajin da gwamnatin tarayya ke karɓa daga ribar kamfanoni, daga kashi 35 cikin ɗari zuwa kashi 21. Tun daga lokacin da wuya ka buɗe rahoton shekara na wani kamfanin ƙasar ba ka ci karo da wannan 21 ɗin a babin haraji ba. Adadi ne da ba ya buƙatar lissafi, doka ce ta yanke shi, kowa ya san shi. Amma ƙannena masu karatun akanta, maza da mata, da ku da kuka kama aiki bana ko bara, a kansa nake so mu fara magana, domin a kan irin wannan adadi mai sauƙi ne gwanaye ke tafka kuskure, rahoto ya fita, shekara ta zagayo, ba wanda ya lura.

Rahoton kuɗi na wannan zamani masu karatu biyu gare shi. Na farko mutum ne mai ido da hankali, wanda in ya ga 21 da alamar % a gefenta ya gane nufi, ba sai an yi masa bayani ba. Na biyu na'ura ce, ita kuwa ba ruwanta da shafi, ba ruwanta da alamar, abin da aka ajiye mata a ɓoye kawai take ɗauka. Harshen da ake yi mata magana da shi sunansa XBRL. Wani akanta Ba'amurke, Charles Hoffman, shi ya fara gwada dabarar a 1998, kuma a ƙarshen 2003 aka fitar da kundin ƙa'idojin da har yau ake aiki da shi, wanda ake kira XBRL 2.1. Aikin a taƙaice shi ne a buga wa kowane adadi tambari da zai faɗi mene ne shi, na wane kamfani ne kuma na wane lokaci, da wane ma'auni aka auna shi, sannan daidaitonsa ya kai ina. Yawancin sunayen tamburan daga kundi ake ɗauko su. Hukumar FASB ce ke kula da na Amurka, Gidauniyar IFRS kuma tana fitar da nata.

Hukumar SEC ta Amurka, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ta wajabta wannan tsari a 2009. A farkon lamarin takarda biyu ake miƙawa, ɗaya ta mutum, ɗaya ta na'ura. Daga baya aka haɗe su wuri guda, aka cusa tamburan a ƙarƙashin shafin da ido ke gani. Shi ne ake kira Inline XBRL. Hukumar harajin Birtaniya ta fara karɓar lissafin kamfanoni a haka tun 2011, hukumar rajistar kamfanoni ta Afirka ta Kudu ta bi sahu a Yulin 2018, SEC ta amince da shi a wannan shekarar, Tarayyar Turai kuma ta ɗora shi kan rahotannin 2020, ko da yake annobar korona ta sa ƙasashe da dama suka ɗaga da shekara guda. Kada wani ya ce ai wannan rigimar Turawa ce. Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Najeriya suke rubuta lissafinsu bisa ƙa'idojin IFRS, kundin tamburan IFRS kuwa a kan waɗannan ƙa'idoji aka gina shi. Layukan wayar da ke aljihunku ma shaida ne: uwar kamfanin MTN a Johannesburg take, Airtel Africa kuma a Birtaniya aka yi masa rajista, kuma duk wuraren biyu ana neman rahoto mai tambari. Wanda ya ci jarrabawar ICAN ko ANAN ko ACCA a yau bai san a teburin wace ƙasa lissafinsa zai sauka ba.

Ƙa'idar kanta gajera ce. Kundin XBRL 2.1 ya ce duk adadin da ke nuna rabon abu daga irinsa, a ajiye shi yadda yake kafin a ninka shi sau ɗari. Kashi 21 ya zama 0.21. Kashi 7.5 ya zama 0.075. Mallakar kamfani dungurungum, ɗari bisa ɗari, ta zama 1. Ma'auninsa kuma ba dala ba ne, ba naira ba ce. Akwai ma'auni na musamman da aka ware masa mai suna pure.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ba zai sha wuyar gane dalili ba. Zakkar kuɗi ɗaya ce bisa arba'in. Ko naira ce ta kai nisabi, ko sefa, ko zinari, rabon bai canza ba, domin nairar sama da nairar ƙasa sun cinye juna, adadi tsura ya rage. Raba ɗaya gida arba'in, ka sami 0.025. Wannan shi ne ainihin adadin, shi za ka ninka da dukiyar ka fitar da hakkin Allah. Kashi biyu da rabi hanyar faɗa ce kawai da ta fi daɗin baki. Wanda ya ɗauki 2.5 ya ninka da dukiyarsa, zai tarar ana binsa zakkar da ta ninka duk abin da ya mallaka sau biyu da rabi. A zaure dariya za a yi masa a gyara masa. A rahoton kuɗi kuwa irin wannan ne ake miƙa wa hukuma, da sa hannun manya a ƙasansa.

Bari mu zauna gaban kwamfutar tare, ku ga inda ƙafa ke zamewa. Ga jadawalin haraji a buɗe cikin manhajar buga tambari. Ka taɓa 21 ɗin, akwati ya buɗe a gefe ɗauke da gurabe. Ka zaɓi suna, a kundin IFRS sunan ApplicableTaxRate ne. Ka zaɓi shekara, ka zaɓi pure. Har nan lafiya lau. Sai gurbin da aka rubuta wa scale, mu kira shi sikeli. Aikinsa shi ne ya gaya wa na'ura gida nawa za ta matsar da ɗigo kafin ta ajiye abin da ke shafi. In alƙaluman rahoton a dubbai suke, 3 ake sawa. In a miliyoyi ne, 6. Ga adadin kashi kuwa -2 ne, wato ɗigo ya ja da baya gida biyu, 21 ya koma 0.21. In ka bar gurbin yadda ka same shi, a kan sifili, na'ura ta ajiye 21 cur, ma'ana kamfanin yana ƙasar da harajinta kashi 2,100 ne cikin ɗari.

Sau da yawa ma ba mantuwa ce ke jawo shi ba, gaggawa ce. A saman jadawalin an rubuta cewa alƙaluman a miliyoyi suke, ban da na kashi. Dare ya yi, gobe ce ranar miƙawa, sai mai aikin ya zaɓi jadawalin gaba ɗaya ya ba shi sikeli 6 a bugu guda, wannan "ban da" ɗin ta bi ruwa. Yanzu harajin ya zama miliyan 21.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai ba wannan ba ne. Shi ne ɗan ƙaramin adadi mai kama da wanda aka riga aka gyara. A ce yarjejeniyar rance ta ce banki zai riƙa karɓar 0.25% a shekara kan kuɗin da aka ware wa kamfani bai ciro ba. Yaron da ya haddace cewa adadin kashi yakan fara da sifili da ɗigo, ya ga 0.25 sai ya ce ai wannan ya zo a shirye, ya bar sikeli a sifili. Na'ura ta ajiye kashi 25, alhali rubu'in kashi ɗaya ake nufi, 0.0025. Ɗan'uwansa kuma da ya haddace "kullum -2", in ya tarar da wurin da shafi ya rubuta rabon a matsayin 0.25 ba tare da alamar % ba, sai ya sake ja da ɗigon baya, kashi 25 na gaskiya ya ƙanƙance ya koma rubu'in kashi. Su biyun haddar ce ta kayar da su. Tambayar da ya kamata kowannensu ya yi ita ce: wannan adadi, a duniyar gaske, nawa ne daga cikin nawa?

Kuma a duk waɗannan halaye shafin bai canza ba. Ka buga shi a takarda, ka kai wa babban akanta, ka kai wa shugaban kamfani, kowa zai ga 21%, kowa zai ga 0.25%, kowa zai sa hannu da zuciya ɗaya. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, tunda mai karatu ya ga daidai? Abin da ke ciki shi ne masu jan waɗannan bayanai ba shafi suke karantawa ba. SEC ta buɗe ƙofa kyauta ga duk mai so ya kwashi adadi iri guda daga dubban kamfanoni a lokaci ɗaya, kuma manazartan kasuwa da malaman jami'a da kamfanonin sayar da bayanai haka suke yi. A ce mai nazari ya tattaro kamfanoni ɗari don ya fitar da matsakaicin harajinsu. Casa'in da tara sun ajiye 0.21, ɗaya ya ajiye 21. Haɗa su, ka sami 41.79, raba gida ɗari, amsa ta fito kusan kashi 42. Hannun mutum ɗaya ya ninka amsar mutum ɗari sau biyu. Manazarcin da ya san aikinsa zai hango baƙon adadin ya jefar da shi, amma tare da kamfaninku zai jefar, kuma gobe in ya ga sunanku da wani ido zai dubi sauran alƙalumanku.

Na san amsar da ake bayarwa a ofis: "Oga, ai ya wuce, manhaja ba ta nuna ja ba." Wannan magana nake so ku cire daga bakinku tun yanzu. Manhajar tantancewa tana da amfani, ban ce a yar da ita ba, amma ku san girman idon ragarta. Ƙungiyar XBRL ta Amurka ta kafa kwamitin ingancin bayanai a 2015, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojinsa tana ɗaga tuta ne in adadin kashi ya haura 10, wato kashi 1,000. In kamfani ya mallaki kashi 51 na wani kamfanin ka ajiye 51, za a kama ka. In kuɗin ruwan bashi kashi 7.5 ne ka ajiye 7.5, ka wuce sumul, domin 7.5 bai kai 10 ba. Ku duba fa, yawancin kuɗin ruwan da manyan kamfanoni ke biya kan bashin dala ko yuro ƙasa da kashi goma yake, ke nan ajin adadin da aka fi yawan bugawa shi ne wannan ƙa'ida ba ta gani. Wanda ya ƙanƙance fiye da kima kuwa, irin 0.0021 a madadin 0.21, ba wata iyakar sama da za ta taɓa shi.

Ba rashin wayo ne ya sa masu ƙa'idar suka ɗaga iyakar haka ba. Akwai adadin kashi na halal da ya wuce ɗari. Ƙa'idojin Basel na uku sun ce banki ya riƙe kadarorin da ke saurin komawa tsabar kuɗi waɗanda za su ishe shi kwana 30 na matsi, kuma mafi ƙarancin awon shi ne kashi 100. Banki mai lafiya yakan nuna 140 ko fiye, a ajiye 1.4. Kamfanin da ribarsa ta zo siririya a wata shekara, harajin da ya hau kansa zai iya fin ribar, awon ya haura ɗari. To nan ma akwai rami. Wata manhajar takan yi gargaɗi da zarar adadi ya wuce 1, sai yaro mai tsoron ganin ja ya taɓa sikelin, ya mai da 1.4 zuwa 0.014 don allo ya yi tsit. Ya kashe gargaɗi, ya haifi ƙarya. Gargaɗi tambaya ce ake yi maka. In amsarka ita ce adadin daidai yake, ka rubuta dalili a takardar aiki ka bar shi.

Yanzu ga gurbin da ya fi raba gwani da ɗan koyo, wanda aka rubuta wa decimals. Shi yana faɗin gida nawa bayan ɗigo za a amince da adadin. Canjin harajin Amurka ya bar mana misali mai kyau. Sabon awon ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, amma ba kowane kamfani ne shekararsa ke farawa a Janairu ba. Shekarar kuɗin Apple a ƙarshen Satumba take ƙarewa, don haka a 2018 ta yi wata uku a kan 35, wata tara a kan 21, aka gauraya aka sami 24.5. Ta Microsoft a ƙarshen Yuni take ƙarewa: kwana 184 a kan 35, kwana 181 a kan 21. Ku ɗauki alƙalami ku lissafa, za ku sami kusan 28.06, kamfanin kuma ya rubuta 28.1. Ke nan 21 da 28.1 ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a layi ɗaya suke zama. Na farko doka ce ta faɗe shi, ba ƙari ba ragi, irinsa ake sa wa INF, wato daidai yake har iya inda ka so ka bi shi. Na biyu an datse masa wutsiya ne, sai a faɗi inda aka datse.

A nan ido ke yaudara. Ka dubi 28.1 ka ga lamba ɗaya bayan ɗigo, hannunka ya tafi ga 1. Amma gurbin ba shafi yake aunawa ba, abin da aka ajiye yake aunawa, shi kuwa 0.281 ne, gida uku. In ka sa 1, ka gaya wa na'ura cewa adadin bai da tabbas sai a gidan farko, ta ɗauke shi 0.3, kashi 30. In ka sa sifili a kan 0.21, ka ce mata harajin da babu duk ɗaya. Dabarar mai sauƙi ce: ƙirga lambobin bayan ɗigo a shafi, ka ƙara biyu. Littafin ƙa'idojin miƙa rahoto na SEC ya hana sa daidaiton da zai share lambar da ba sifili ba, don haka wannan kuskure yakan gamu da mai tsaro a ƙofa. Kishiyarsa ce ke shigewa ba sallama, wato a sa wa adadin da aka datse INF. Ba manhajar da ta san ko 21 ɗin da ke gabanka na doka ne, ko kuwa kason cinikin da wani babban abokin ciniki ya kawo ne, wanda asalinsa 20.7 aka cika shi. Na farko INF, na biyu 2. Wanda ya karanta sakin layin ne kaɗai zai bambance.

Kada ku ɗauka ado ne. Da wannan gurbi manhaja ke sanin gwargwadon saɓanin da za ta yafe in ta haɗa layukan jadawali, da shi kuma take gane cewa 28.1% na jadawali da "kimanin 28%" na cikin bayani abu ɗaya ne, ba ƙaryata juna suke ba. In kuna son gani da idonku, rumbun EDGAR na SEC kyauta ne ga duk mai intanet. Ku nemi rahoton shekarar 2019 na Apple, a babin haraji akwai jimla guda da ta jera 21 da 24.5 da 35. Ku taɓa kowanne, akwatin zai nuna muku abin da ke ƙasa. Awa ɗaya a wannan rumbu ta fi mako guda na karanta bayani irin nawa.

Akwai 'yan uwan kashi da ke shigowa da rigarsa, kowanne da nasa hukunci. Masu harkar banki suna magana da bps, irin wanda kuke ji in Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa. Ɗaya daga cikinsa shi ne kashi ɗaya an raba shi gida ɗari. In shafi ya ce bashin yana kan awon SOFR, wanda ya maye gurbin LIBOR na dala, da ƙarin 150 bps, sikelin -4 ne, a ajiye 0.015. In ya rubuta 1.50% ne, -2, amsa ɗaya. Sharaɗin bashi da ya ce kada bashin kamfani ya wuce ninki 3.5 na ribarsa, shi ba kashi ba ne sam. Ma'auninsa pure, amma 3.5 ɗinsa ake bari, kada a taɓa masa ɗigo. Sai bambancin da 'yan jarida ma ke faɗawa cikinsa. A Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5. Ƙarin maki biyu da rabi ne, 0.025, amma in aka auna shi da tsohon awon, ƙarin kashi 50 ne, 0.5. Duka biyun gaskiya ne, duka biyun pure ne, sunan tambarin ne kaɗai zai gaya wa na'ura wanne kake nufi.

Ku 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da kuka yi karatu da Faransanci, akwai wani tarko da ku kuka fi kowa saninsa. A wurinku waƙafi ne ke raba adadi da gutsurensa, a wurin masu Ingilishi ɗigo ne, waƙafi kuma na raba dubbai. Tambarin yana da gurbin da ke gaya wa na'ura da wane salo aka rubuta. Takardar bashi mai ruwa 3,125 % a rahoton kamfanin Faransa, in aka bar ta a salon Ingilishi, sai a karanta dubu uku da ɗari da ashirin da biyar. Ko sikelin daidai yake, abin da za a ajiye 31.25 ne a madadin 0.03125. Wanda ya tashi da salo biyun a kansa ya fi saurin hango wannan, ku ɗauke shi jari.

Adadin da ke cikin baka biyu a jadawalin haraji yawanci ragi ne, kuma bakan ido kawai yake yi wa aiki. Akwai gurbi dabam na alamar ɗebewa da za ka cika da hannunka, bayan ka karanta bayanin tambarin ka ga ta wace fuska yake ƙirga ƙari. Ɗan karan layin da ake ja a madadin sifili yana da nasa salon. Inda aka ce daga kashi 3 zuwa 5, adadi biyu ne, na ƙasa da na sama, kowanne da tambarinsa. Sai zaɓen suna: kason hannun jari dabam, kason ƙuri'a dabam, harajin doka dabam, wanda ya hau kan kamfani a zahiri dabam. Kundin Amurka yana da tagwayen sunaye ga kusan kowane layi na jadawalin daidaita haraji, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kashi, kuma aikin nan ƙaruwa ya yi, domin a Disambar 2023 FASB ta fitar da gyaran da ya wajabta wa kamfanonin kasuwa nuna kuɗin da kashin gefe da gefe.

Nauyin wa ne duk wannan? Kamfanoni da yawa sukan ba wani kamfanin kwangilar buga tamburan, sai akantan cikin gida ya saki jiki. Ni ban ga dalilin sakin jiki ba. Ɗan kwangila ya san manhaja, amma bai karanta yarjejeniyar bashinku ba, bai zauna taron da aka yanke ko a cika 20.7 zuwa 21 ba. A Tarayyar Turai doka ta ɗora wa odita ya faɗi ra'ayinsa kan ko an bi ƙa'idar tamburan, kuma a can ƙarin bayanan da ke bayan rahoto dunƙule-dunƙule ake buga musu tambari, ba adadi-adadi ba. A Amurka abin ya juya: kowane adadi a cikin ƙarin bayanan sai an buga masa nasa, kuma ba a wajabta wa odita duba su ba. Inda adadin kashi ya fi yawa ke nan, nan ne kuma ba kowa a bayanka.

Ga abin da nake ba ku shawara ku mayar al'ada, ba ya cin rabin awa. Kafin a miƙa, ku fitar da duk adadin da ma'auninsa pure ne zuwa Excel. Manhajar Arelle kyauta ce kuma tana yin haka, in ta ofis ba ta yi. Ku jera su daga babba zuwa ƙarami. Ku karanta na can sama da na can ƙasa a tsanake, domin a gefe biyun nan ɓarna ke taruwa, sannan ku bi na tsakiya kuna neman irin 0.25 ɗin nan. Kowanne ku ninka shi sau ɗari ku faɗe shi da baki, da Hausa, a cikakkiyar jimla: "Kamfaninmu ya mallaki kashi 5,100 na reshensa." "Muna biyan banki kashi 750 a shekara." Kunne ba ya yarda da abin da ido ya gaji ya bari. Wanda kuma za a iya sake lissafawa, ku sake: haraji a raba da riba kafin haraji, a ga ko ya yi daidai da abin da aka ajiye, ba da abin da aka buga a shafi ba.

Kada ku tsallake layukan bara don an riga an miƙa su. Rahoton bana a kan ƙwarangwal ɗin na bara ake gina shi, tambura da sikelinsu suna biyowa kamar yadda suke. Kuskuren da aka yi shekara uku da suka wuce zai iya zama daram, kuma gwajin da aka fi dogara da shi, wato kwatanta bana da bara, ba zai nuna komai ba, tunda 7.5 na bana ya yi daidai da 7.5 na bara. In kun tono irin wannan a rahoton da ya riga ya fita, kada ku gyara a ɓoye don gudun ɓacin ran wanda ya yi, kada kuma ku yi shela a ofis. Ko a sake miƙa gyararren rahoto, ko a gyara a na gaba, wannan hukuncin shugabanni da lauyoyin kamfani ne, ba naku ba. Naku shi ne ku sami oganku shi kaɗai, da takarda mai layi uku: abin da shafi ya nuna, abin da aka ajiye, abin da ya kamata a ajiye. Kafin ku ƙwanƙwasa ƙofarsa ku duba a rahotanni nawa na baya kuskuren ya fito, domin tambayar da zai fara yi muku ke nan.